Wa Ke Yi Wa Aminiya Gaisuwa?

A 2016 ne Aisha Macky, 'yar Damagaram, ta fito da fim ɗinta mai suna L'arbre sans fruit, wato icen da ba ya 'ya'ya. Ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwarta ce ta ɗauka. Ta yi aure ba ta samu haihuwa ba, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace kan haifi 'ya'ya fiye da bakwai. Mahaifiyarta kuma wajen haihuwa ta rasu. To wannan uwa da ke kabari ita Aisha ke yi wa magana a fim ɗin, tana kai mata kukan da ba ta iya kai wa masu rai. A shekarar ya ci kyautar AMAA a Fatakwal.

Ni sai da aka daɗe na gan shi, a kwamfutar wata ƙawata a Yamai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda matan da ke da ciwo iri ɗaya ke buɗe wa juna ciki, alhali ba dangin iya ba na baba. Finafinan Kano da muke turawa juna a waya sun saba mana da wata irin ƙawa: mai raka ki gidan boka, ko mai aure miki miji. Akwai irinta, ban musa ba. Amma ba ita na tashi na gani a Dogarawa ba.

Mahaifiyata tana da aminiya tun suna 'yan mata masu tallan fura. Aure biyu ta yi, duka suka mutu saboda haihuwa, kuma a cikin mazan babu wanda ya taɓa taka ƙafa zuwa likita a duba shi. Ita aka laƙaba wa juya. Mu Inna muke ce mata, ita kuma ta ce mana ɗiyana.

Ina shekara 14 mahaifiyata ta rasu. Inna ce ta yi jinyarta, tana cikin waɗanda suka yi mata wanka. Da aka zauna makoki, gwaggwannina da ƙannen mahaifiyata suka jeru kan tabarma, duk mai shigowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙanta. Inna tana bakin murhu tana tuƙin tuwon baƙi. Kwana uku, kwana bakwai, har sadakar arba'in, ban ji mutum ɗaya ya yi mata gaisuwa ba. Wasu ma sannu da aiki suke ce mata.

A nan al'adarmu take da giɓi. Matar da mijinta ya rasu tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki. 'Ya'ya da 'yan'uwa suna da gado, malamai sun san rabon kowa. Aminiyar shekara talatin kuwa ba ta da tabarma, ba ta da suna a lissafin. Ban ce a ba ta gado ba, shari'a ta riga ta yanke wannan. Kalma biyu nake magana.

Bayan arba'in aka tashi rabon yara. Inna ta nemi a ba ta riƙon autarmu, wadda ba ta daɗe da yaye ba. Wata gwaggota ta ce bare ba ya riƙe musu jini, ta ƙara da cewa wadda ba ta haifa ba ina ta san ciwon ɗa. Inna ba ta tanka ba. Washegari da hantsi sai ga ta da kunu a kwano, kuma haka ta yi ta zuwa har gwaggon ta gaji da harara.

Duk lokacin dashen albasa tana gonakin wajen Galmi, a duƙe tun safe, ana biyanta ladan yini. Da wannan kuɗi da adashi ta haɗa wa autarmu rabin kayan ɗaki. Ranar kai amarya dangi suka cika motar gaba, ita ta bi ta ɗaukar kaya tana riƙe da madubi kada ya fashe.

Yanzu ta tsufa, tana zaune a ɗaki guda gidan ɗan yayanta. Da na je mata barka da salla na ba ta labarin fim ɗin Aisha. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko yarinyar ta samu haihuwa daga baya. Sannan ta yi shiru, ta ce:

"Ɗiyata, ni na yi wa uwarku wanka. Ni wa zai yi mini?"

Na ce, "Mu, Inna. Ni da auta."

Ta ce to in gaya wa autar tun yanzu, don gidan mijinta da nisa.