Goge, Rawar Bale Da Yaranmu A Ingila

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a Ingila ya san akwai lokuta biyu a shekara da allunan sanarwa na makarantu da ɗakunan karatu suke cika da takardun gayyata zuwa kallon yara, wato watan Disamba dab da Kirsimeti, da kuma watan Yuli idan an kusa babban hutu. Wannan makaranta yaranta za su yi kiɗa, waccan ɗalibanta za su yi rawar nan da ake kira bale. Yawancinmu wucewa muke yi, ko kallo takardun ba su ishe mu ba, don ba abin da ya kawo mu ke nan ba. To amma da yake gani ya kori ji, ni na leƙa wuraren nan sau da dama, kuma ina ganin abin da na gani ya shafe mu, musamman masu iyali a cikinmu.

A Mancesta na fara. A tsakiyar birnin, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Victoria, akwai makarantar Chetham's, wadda tun 1969 aka mayar da ita ta koyon kiɗa. Tana da ɗalibai wajen 300, daga masu shekara 8 zuwa 18. Na tarar suna yin ɗan taron kiɗa da tsakar rana, kuma shiga kyauta ne. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya fito da gogensa irin na Turawa mai tsirkiya huɗu, ya rusuna, ya yi kusan minti goma yana kiɗa da ka, babu takarda a gabansa. Ban san kan waƙar ba, ban san gindinta ba. Abin da ya kama ni shi ne masu kallo. Tsofaffi ne mafi yawansu, sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su, wanda tari ya kama ma sai ya danne shi har yaron ya kai aya. Babu mai liƙi, babu mai kirari, babu mai miƙewa ya taka. A wajenmu makaɗi shi ne yake bin mutane yana neman hankalinsu, a nan kuwa dattijai ne suka baro gidajensu cikin sanyi suka zo suka ba wa yaro hankalinsu.

Daga baya na je Landan kallon ƙungiyar makaɗa matasa ta ƙasar Birtaniya, wadda wata mata mai suna Ruth Railton ta kafa a 1948. Yara ne wajen 160, 'yan shekara 13 zuwa 19, da ake zaɓowa daga ko'ina cikin ƙasar, su riƙa haɗuwa lokacin hutu suna gwaji. Da bazara sukan yi wasa a bikin Proms, wanda aka faro tun 1895, a babban zauren Royal Albert Hall mai cin mutum fiye da 5,000. Kafin a fara, mai busa wata irin algaita ya ba da sauti guda, kowa ya daidaita abin kiɗansa da shi. Sannan madugu ya shigo ya ɗaga 'yar sanda. Mai karatu, ka ƙiyasta yara ɗari da sittin, da masu goge manya da ƙanana, da masu sarewa, da masu begila, da masu tambura, a ce dukkansu su yi shiru a daƙiƙa ɗaya, su kuma tashi a daƙiƙa ɗaya. Na lura da wani mai tambari a can baya wanda ya yi zaman mintuna masu yawa yana ƙirga a zuci, ya tashi ya yi bugu uku, ya koma ya zauna. Mu da ko taron ƙungiyarmu na mutum talatin ba mu iya fara shi kan lokaci, sai na ji jikina ya yi sanyi.

Abin kallo ya zama abin shawara a gidana ne ranar da 'yata, mai shekara bakwai, ta dawo daga firamare da takardar koyon goge, sannan ta ƙara da cewa ƙawarta tana zuwa ajin bale ranar Asabar, ita ma tana so. Uwarta ta dube ni ta ce, “Baban Ummi, goge? Har da rawa? Me za mu ce wa Hajiya idan ta ji?” Tambayar tana kan hanya. A garinmu idan aka ce goge, ba ɗakin karatu ne yake zuwa wa mutum a rai ba.

Ita bale tana da dogon tarihi. A fadojin Italiya ta samo asali, sannan Sarkin Faransa Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, shi ya sa har gobe da Faransanci ake kiran sunayen takunta, ko a Rasha ko a Amurka. Babu magana a cikinta, babu waƙar baka, da jiki kawai ake ba da labari. Mafi shahara cikin makarantunta a Ingila ita ce Royal Ballet School, wadda Ninette de Valois ta kafa a 1926. Yaro yakan shiga ƙaramin sashenta da ke White Lodge, ya kwana can ya tashi can, yana boko yana rawa, in ya yi sa'a ya wuce babban sashe a Covent Garden. A ƙarshen shekara sukan yi wasa a gidan Royal Opera House, su rufe da fitowar ɗalibai gaba ɗaya aji-aji, daga ƙanana har manya.

Na kalli wannan wasa. Ba zan ɓoye muku ba, tufafin sun dame ni, domin matsattsu ne, kuma namiji yakan kama mace a ƙugu ya ɗaga ta sama. Wanda aka rena da tarbiyya irin tamu dole ya ɗan sunkuyar da kai. Amma bayan ɗan lokaci sai na ga babu rangwaɗa ko jan hankali a lamarin, wahala ce tsagwaronta aka lulluɓe da murmushi. Yarinya ta tsaya da dukkan nauyinta bisa kan yatsun ƙafa ɗaya, cikin takalmi mai tauri a baki, tana juyawa kamar mazari. Ba a barin yarinya ta fara wannan tsayuwa sai wajen shekara 11 ko 12, bayan ta yi shekaru tana horo, saboda ƙashin ƙafarta bai yi ƙwari ba kafin nan. Kuma wahalar ba a ƙafa kaɗai take ba. A 2023 shirin Panorama na BBC ya kawo tsofaffin ɗalibai na manyan makarantun bale biyu suna ba da labarin yadda aka riƙa yi musu gori kan ƙiba, har wasu suka kamu da cutar ƙin cin abinci. Uba mai 'ya mace ba zai ji wannan ya share ba.

Maganar halasci ko haramcin kiɗa kuwa na bar wa malamai, domin sun daɗe suna saɓani a kai, kuma kowa ya san wanda yake bi. Abin da na fi ganewa shi ne halinmu. Muna son kiɗa, ba ma son makaɗi. Wanda duk ya zo ƙasar nan da Shata ko Ɗan Maraya Jos ko Barmani Coge a wayarsa, su ne suke ɗebe masa kewa idan dare ya yi tsawo a hunturu, amma ce masa ɗansa zai zama makaɗi ka ga yadda fuskarsa za ta canja. Shi kansa Shata ba da son mahaifinsa ya shiga waƙa ba, ga shi kuwa sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A wajenmu kiɗa gado ne, ɗan makaɗi yana bin ubansa da ƙaramin kalangu ko yana amshi har hannunsa ya faɗa. Wannan ma makaranta ce, kuma horonta ba wasa ba ne, duk wanda ya ga 'yan koroso suna alkafura ya san haka. Sai dai babu wanda zai yi shiru ya zauna ya saurari yaron don kansa.

Kada kuma a ɗauka abin na fararen fata ne kaɗai. Sheku Kanneh-Mason, wanda mahaifiyarsa 'yar asalin Saliyo ce, ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016 yana da shekara 17, baƙar fata na farko da ya taɓa cin ta. A 2020 kuma duniya ta ga hoton bidiyon Anthony Madu, ɗan shekara 11, yana bale ba takalmi cikin ruwan sama a Legas, abin da ya kai shi makarantar Elmhurst da ke Bamingam.

Mu dai a gidanmu mun raba gardama: goge mun yarda, bale mun ce a'a, mun kuma gaya wa yarinyar dalilinmu ba tare da zagin ƙawarta ba. Yanzu kullum bayan magariba minti goma sha biyar muna shan wani sauti kamar na ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Hajiya ta ji shi ta waya, ta tambaya ko kyanwa muka ajiye.

Ga shawarata ga shugabannin ƙungiya. A bikin Sallar da muke yi duk shekara, yaranmu sukan taru a lungu ɗaya kowa da waya a hannu, har a gama cin tuwo a watse. Me zai hana a ware musu rabin sa'a? Matanmu da suka yi gaɗa a dandali suna ƙanana su koya wa 'yan mata biyu ko uku daga cikin waƙoƙin, mai goge ta zo da gogenta, mu kuma manya mu ajiye hira mu saurara. In akwai wanda ya iya kalangu a cikinmu kuma yake ɓoyewa, ya sanar da sakatare kafin azumi.