Gure: furannin da ke tare rairayi

Matafiyin da ya bar Damagaram ya nufi gabas bisa kwaltar da ke zuwa Difa, bayan wajen kilomita 160 zai iske Gure a gindin duwatsun Muniyo. Da rani ba abin da ido ke gani sai tuddan rairayi da ƙaya. Amma mai ɗaukar hoton da ya zo a watan Agusta, bayan ruwa ya zauna, wata ƙasa dabam zai tarar.

Sai dai ya yi sammako, don da hantsi ya ɗaga haske kan cinye launi. Kuma sai ya durƙusa, domin furen daji ba ya tashi sama. Ga tsaidau shimfiɗe a ƙasa da furensa rawaya. Ga tumfafiya da nata, fari mai bakin shuni. Ga dakwara, uwar ƙaro, ta yi fari fat. Ladar durƙuson kuwa ƙarangiya ce cike da wando.

Baƙon da ya zo neman kaktus, irin na sinimar kaboyi, zai koma hannu rabbana: asalin wannan tsiro ƙasashen Amurka ne. Abin da Gure ke da shi aguwa ce, mai farin ruwa kamar nono, wadda manoma ke shinge da ita, da kuma kalimbo marar ganye, wanda ba kowa ke kula da furensa ba.

To, waɗannan da aka raina su ne dogaran ƙasar. Arzikin Gure yana cikin kwaruruka, inda dabino da goruba da kanwa da lambuna suke. Tun farin 1973 da na 1984 tuddan suka tuɓe, iska ta shiga tura rairayi cikin kwari. Da rassan kalimbo ake kafa shingayen da ke tsayar da tudu, kafin a dasa itatuwa a bayansu.

Saboda haka hoton fure a nan ba wasan masu hutu ba ne. Wanda ya ɗauki tudu guda bana, ya rubuta rana da sunan wurin, ya komo baɗi ya sake, ya riƙe shaidar da ma'aikacin gandun daji da ɗan kasuwar dabino duka ke bukata: ko tudu ya tsaya, ko yana tafe.