Manhajar da ta iya cewa "ba zai yiwu ba"

1/ Jama'a, akwai manhajojin da ake kira SAT solver. Kana ba su tambayoyi masu amsar "e" ko "a'a" tare da sharuɗɗa, sai su nemo amsar da ta cika duka, ko su tabbatar babu ita. Ku biyo ni.

2/ Ɗauki jadawalin darasi na sakandare a Karaye ko Rogo. Malami ba ya shiga aji biyu lokaci guda. Ɗakin gwaji ɗaya ne. Juma'a ana tashi da wuri. Kowace tambaya kamar haka take: malamin lissafi zai shiga SS2 ran Talata da safe? E ko a'a.

3/ Tambayoyi 50 kacal suna da hanyoyin amsawa sama da tiriliyan dubu. A 1971 Stephen Cook ya nuna cewa duk wanda ya samo hanyar warware wannan matsala da sauri, ya warware ɗimbin matsaloli masu wuya irinta. Har yau ba a samo ba.

4/ Amma an yi dabara. GRASP na 1996 da Chaff na 2001 suna koyo daga karo: in wata hanya ta toshe, sai su rubuta dalilin, ba sa sake bin ta. Da irinsu kamfanoni ke bincikar zanen ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin a ƙera.

5/ Yayana malami ne a wajenmu, shi ke tsara jadawali, kullum shi ake zargi da son kai. Da hutu na zuba sharuɗɗansa a MiniSat, manhajar kyauta ta 2003, a tsohuwar laftof ɗina. Amsa ta fito: UNSATISFIABLE. Wato babu jadawalin da zai cika su.

6/ Muka riƙa cire sharaɗi ɗaya-ɗaya muna sake gwadawa. Ashe malamin kimiyya da ke zuwa kwana uku a mako ne kullin. Da muka ƙara masa yini ɗaya, komai ya zauna. Na ce, "Yaya, wannan za ka kai wa shugaban makaranta."

7/ Shi ya sa nake ganin ya kamata mu koye ta. Mun saba cewa "a dai ƙara ƙoƙari", alhali wani abin ba ƙoƙari ya rasa ba, kayan aiki ne ba su kai ba. In kana da hujja, gardama ta ragu. Masu karanta kwamfuta, ku fara da Sudoku, sannan jadawalin makarantar garinku.