Mutum na Uku a Bencinmu

Makon jiya aka jefa ni cikin wani zauren WhatsApp na 'yan ajinmu da muka zana jarrabawar bak a 2007. Kafin in gama shirin dare a gidan rediyo, wayata ta cika da tsofaffin hotuna da tsokana. An yanke shawarar haɗuwa ƙarshen wata, kowa zai ba da jaka biyar ta sefa. Na yi dariya har da hawaye da na ga kaina cikin kakin makaranta, wuya kamar mariƙin lema.

Nan take ƙamshin benga ya dawo mini, wato waken nan da shinkafa da muke saya na dala ashirin a bakin ƙofar makaranta, mu uku mu sa hannu a kwano ɗaya. Na tuna ƙurar hunturu a kan allo, da kekuna jere a inuwar darbejiya, da yadda muke Faransanci a aji, Moore a filin ƙwallo, in mun doshi gida kuma harshe ya koma Hausa da kansa.

Gida a lokacin shi ne Zango, wanda Mossawa ke kira Zangwetin, tsohuwar unguwar Hausawa a tsakiyar Wagadugu, kusa da babban masallaci. Yau in ka nemi ƙofar gidanmu ba za ka same ta ba. A 2003 gwamnati ta rushe unguwar tare da maƙwabtanta a ƙarƙashin shirin ZACA, don a gina ofisoshi da wuraren kasuwanci. Aka ba mutane filaye a gefen Waga 2000 da Nioko. Maƙwabtan da suka shekara hamsin suna karɓar wuta a murhun juna suka wayi gari tsakaninsu sai an hau babur.

Da aka turo jerin sunaye na karanta har sau biyu. Sunan wanda muka yi shekara uku a benci ɗaya babu shi, domin jerin na waɗanda suka kai bak ne. Shi kuwa a 2003 ya tsaya. A watan Mayun shekarar gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, har da rumfar mahaifinsa. Kafin shekara ta fita gidansu ma ya bi. Uban ya kwanta ciwo, shi ne babba, ya ajiye jaka ya ɗauki sifana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, aikin da nake yi yau burinsa ne. Shi ke naɗe littafi ya yi makirfo da shi, yana kwaikwayon masu karanta labarai na sashen Hausa na BBC. Shi ya fara ba ni labarin Norbert Zongo, ɗan jaridar da aka kashe a hanyar Sapouy ranar 13 ga Disamba 1998, wanda a lokacin duk shekara in ranar ta zagayo ɗalibai ke fita daga aji dominsa. Ni dai ɗan rakiya ne. Mu muka koma gefen Waga 2000, su suka tafi Nioko, na ce zan je ranar Asabar. Asabar ɗin nan ta fi shekara ashirin ba ta zo ba. Kullum dare ina isar da gaisuwar mutanen da ban taɓa gani ba, daga Bobo zuwa Fada, amma tawa gaisuwar ta kasa ƙetare gari.

Ranar Lahadi na hau babur na nufi Nioko. Tambaya uku ta kai ni gidan. Mahaifiyarsa ta daɗe tana dubana.

“Ɗan nan, ashe kana da ƙafa? Muryarka dai kullum tana gidan nan.”

“Inna, a gafarce ni. Na yi laifi.”

“Je ka bakin titi, yana can. Shi za ka gaya wa.”

Na same shi a durƙushe gaban wani babur, hannu duk baƙin mai, wata 'yar rediyo rataye a ƙusa. Bai miƙo hannu ba, sai ya ba ni tsintsiyar hannunsa. Muka sha shayi har zagaye na uku kafin in iya kawo maganar taron.

“Ni da ban zana bak ba, me zan je in ce?”

Na ce ya zo ya karanta mana labarai kamar dā. Ya yi murmushi, ya ce har yanzu ina cinye ƙarshen kalma in na yi sauri, tun a aji yake gaya mini. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Da na koma gida na rubuta a zauren cewa a gyara sunan taron, a buɗe shi ga duk wanda ya taɓa zama a ajin, ko da zango ɗaya ya yi. Kafin sallar isha'i aka turo sunaye bakwai da kowa ya manta, huɗu daga cikinsu 'yan mata ne da aka aurar kafin ƙarshen aji huɗu. Na tura jaka goma, tawa da tasa. Ranar taron zan biya ta Nioko tun da hantsi, kafin ya buɗe gareji.