Baƙin Allo da Hanyar Filinge

Tsakanin Yamai da Filinge akwai tafiyar kilomita kamar 180, a bi ta Baleyara, a miƙe arewa cikin Dallol Boso. A kan taswira ba wata tafiya ba ce. Amma tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi cikin shekarar 2017, matafiyi kan yi lissafi sau biyu kafin ya saɓa jakarsa, kuma masu gyaran kwamfuta ba su fi kowa ƙarfin zuciya ba. Shi ya sa a ƙasar Kurfai, idan kwamfutar ofis ko ta makaranta ta soma nauyi, sai a yi ta haƙuri da ita har ranar da za ta ƙi tashi. Daga nan a lulluɓe ta da tsohon zane, a tura ta lungu, a ce ana jiran mai gyara.

Akwai wani matashi ɗan Kurfai, mazaunin Yamai, da ya ɗauki alkawarin kula da kwamfutar wata makarantar garinsu, wadda aka tara darussa da sakamakon jarrabawar ɗalibai a cikinta. Ba ya zuwa sai da salla. Sauran kwanakin shekara kuwa, da dare, yakan buɗe tasa na'urar, ya kira wani baƙin allo da babu hoto ko ɗaya a kansa, ya rubuta haruffa uku: ssh. Wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro wannan hanya a 1995, bayan an yi satar kalmomin sirri a jami'arsu ta Helsinki. Da ita mutum ke shiga na'urar da ke nesa kamar yana zaune gabanta, ba tare da wani ya saurari abin da ke wucewa a tsakani ba. Da yake layin wayar salula ba ya barin a ƙwanƙwasa wa na'urar makarantar ƙofa daga waje, sai ya shirya ta yadda ita ce za ta riƙa kiran Yamai, ta bar masa ƙofar a buɗe. Rubutu kuwa ba ya da nauyi. Hoton biki guda ɗaya da ake aikawa ta WhatsApp yakan fi duk abin da zai karanta a daren nauyi, don haka ko rezo ya yi rauni, maganar tana ƙetarawa.

Gaisuwarsa ta farko ita ce uptime. Na'urar takan amsa da layi guda: tsawon lokacin da ta yi a kunne, sannan lambobi uku, wato matsakaicin nauyin aikin da ke kanta cikin minti 1, da minti 5, da minti 15 da suka wuce. Ga na'ura mai ƙwaƙwalwar aiki biyu, lamba 2 na nufin hannuwanta sun cika. 6 na nufin akwai masu jira a layi. Idan ta farko ce kaɗai ta yi sama, guguwa ce mai wucewa. Idan ta ukun ma ta bi ta, ciwon ya zauna. A wasu ƙasashe ana alfahari da na'urar da ta shekara ba a kashe ta ba. A nan, wannan layin tarihin wutar lantarki ne kawai.

Sai ya kira top, wanda William LeFebvre ya rubuta a 1984, ko ƙanensa htop na 2004, aikin wani ɗan Brazil mai suna Hisham Muhammad, sunan da ka ce ɗan unguwa ne. Su ne ke jera duk ayyukan da ke gudana, mafi haɗama a sama. Da free yake duba ragowar ma'ajiyar wucin gadi, da df kuma yake leƙa rumbun ajiya ya ga ko ya kusa cika. Amma wanda ya fi so shi ne vmstat, saboda wani ɗan shafi mai suna wa, wanda ke nuna lokacin da ƙwaƙwalwa ta ɓata tana jiran faifan ajiya. Mutane kan ce kwamfuta ta tsufa, ba ta da ƙarfi, alhali sau da yawa ƙwaƙwalwar lafiya lau take, tana zaune ne tana jiran faifan da ya soma mutuwa. Wanda ya gane haka da wuri yakan kwashe sakamakon ɗalibai zuwa wani wuri tun kafin a yi kuka. Makiyayin shanun Azawak a Tukunus ba ya jiran saniya ta faɗi. Tuƙarta da kunnenta sun riga sun gaya masa.

Sai dai akwai inda idon nesa ke ƙarewa. Wani dare zai aika ping, ya ji shiru. Shirun nan kuwa fuska uku gare shi: ko an ɗauke wuta, ko rezo ya faɗi, ko na'urar ce ta mutu, kuma daga Yamai dukansu kamarsu ɗaya. A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mai gadin da kansa ne ya yi ta kwana cikin duhu. Haka nan a watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, umarnin sensors zai nuna masa cewa cikin na'urar ya ɗauki zafi, tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ya san dalilin: ƙurar hunturu ce ta toshe fanka. Amma har yau ba a rubuta umarnin da ke hure ƙura ba.

Nan ne ya yi abin da ya fi duk ƙwarewarsa daraja. Da ya je salla, ya zaunar da sakatariyar makarantar da wasu ɗalibai biyu gaban baƙin allon. Sun tsorata da farko, domin an saba koya wa yara kwamfuta kamar wasan nuna hoto da yatsa, an bar rubutun ga ƴan birni. Wannan kuskure ne, kuma raini ne. Yaron da aka tilasta wa haddace jujjuyawar fi'ilan Faransanci, har da waɗanda Bafaranshe da kansa ba ya furtawa, ba zai gaza riƙe kalmomi bakwai ba. Nahawunsu ma irin na gida ne: umarni, sannan abin da aka umarta a kansa, kamar a ce kawo ruwa.

Yanzu akwai wani ɗan littafin rubutu ɗaure da zare a jikin teburin. A hagu an rubuta umarnin, a dama ma'anarsa da Hausa, da hannun sakatariyar. Gaban uptime ta rubuta: yaushe kika tashi? Gaban df: saura nawa a rumbu? Idan Yamai ta ji shiru, ita ce ke duba fitila, ta duba allon, ta buga waya ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya. Tsohon buroshin haƙori na share fanka yana cikin aljihun teburin, kusa da alli.