Kowane gudu da filinsa

Yara, babu ɗayanku da ba ya son gudu. Da an kaɗa ƙararrawar shan iska, sai ku fice kamar ƴan awakin da aka kwance daga turke. Ni ma ina son gudu, kuma ina son mota tun ina kamarku. Don haka yau zan ba ku labarin wasu mutane masu son gudun mota, da dabarar da suka yi don kada gudunsu ya cuci kowa.

Lokacin da nake makarantar horon malamai a Damagaram, akwai wani gareji a kan hanyata. A bayan garejin an ɗora wata tsohuwar mota bisa duwatsu, ba taya ko ɗaya, kaji suna kwana a cikinta. Peugeot 504 ce, wadda muke ce wa fijo. Amma ba ta yi kama da fijon tasha ba. Ƙofa biyu gare ta, rufinta ya yi ƙasa-ƙasa, hancinta dogo. Wata rana na gaida tsohon makanikin, na ce: «Baba, wannan wace irin fijo ce?»

Ya ce: «Ɗana, wannan ba ta buhun gero ba ce. Wani Bature ya keto Sahara da ita, ta Tamanrasat da Agadas, ya sayar da ita nan. Mutum biyu take so, da hanya mai kyau. Don gudu aka yi ta.»

Daga baya na nemi labarinta. Faransawa suna kiran irin wannan mota «kupe». Fijo 504 mai ƙofa huɗu ta fito a 1968, mai ƙofa biyu kuma a 1969, aka daina ƙera ta a 1983. A 1978 wani Bafaranshe, Jean-Pierre Nicolas, ya ci babban tseren Safari na ƙasar Kenya da ita. A shekarar dai ya sake cin tseren Kodibuwa. Ashe gidan kajin nan jikar sarauta ce!

A Turai har yanzu akwai masu riƙe da irin waɗannan tsofaffin motoci. Yawancinsu tuƙi ba sana'arsu ba ce. Wani likita ne, wani kafinta, wani malamin makaranta kamata. Mutum zai yi shekaru yana tara kuɗi, yana gyaran motarsa da hannunsa ranar Lahadi. To, ga mota mai gudu, ga kuma doka. A Faransa ba a wuce kilomita 50 a awa cikin gari, ba a wuce 130 a kan babbar hanya. Yaya mai son gudu zai yi?

Sai ya tafi filin tsere. Filin tsere hanya ce ta kwalta wadda ta zagaya ta komo inda ta faro, kuma an kewaye ta da shinge. Akwai ɗaya a Montlhéry, kudu da birnin Paris, da aka buɗe a 1924. Akwai wani a Jamus, sunansa Nürburgring, an buɗe shi a 1927, zagayensa guda ya fi kilomita 20. A wasu ranaku ana buɗe irin waɗannan filaye ga talakawan direbobi. Kowa ya biya kuɗi ya shiga da tasa motar.

Ga yadda ranar take. Tun da safe ana duba kowace mota: birki, taya, da ko mai yana yoyo. Motar da ba ta da lafiya ba ta shiga. Sannan a tara direbobi a karanta musu dokoki, kamar yadda nake yi muku ranar shiga aji. A raba su rukuni-rukuni, sababbi daban, gwanaye daban. Kowa ya sa hular kwano, ya ɗaure kansa da igiyar kujera. Sabon shiga, sau da yawa, malami yakan zauna kusa da shi, yana nuna masa inda zai taka birki da yadda zai sha kwana.

Duk motocin gefe guda suke fuskanta. Babu mai zuwa daga gaba. Babu jaki, babu amalanke, babu yarinya mai talla. A bakin kwana an zuba tsakuwa mai yawa, don motar da ta kauce ta nutse ciki ta tsaya. Bayan tsakuwar an jera tsofaffin tayoyi. Motar asibiti tana tsaye tana jira. Akwai kuma ma'aikata a gefen hanya, riƙe da tutoci. Tuta ruwan ɗorawa tana cewa: akwai haɗari a gaba, rage gudu, kada ka wuce kowa. Shuɗiya tana cewa: wanda ya fi ka sauri yana bayanka, ba shi hanya. Ja tana cewa: gudu ya ƙare, kowa ya yi sannu. Mai gida-gida baƙi da fari kuwa, ita ce ta tashi. Wanda ya ƙi jin maganar tuta, a fitar da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a irin wannan rana ba a ba kowa kyauta. Babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Mutum ya yi kamar minti ashirin yana zagayawa, ya fito ya bar injin ya huce, ya sha ruwa, ya yi hira da ƴan'uwansa. Da marece ya koma gida wurin iyalinsa, yana tuƙi sannu kamar kowa.

Da na gane wannan, sai na ce: ai kakanninmu sun riga su sani. Ku tuna hawan salla a Damagaram. Mahaya suna sukuwa a ƙofar fada, ƙura tana tashi, mata suna guɗa. Amma kafin doki ya zabura, dogarai sun kori jama'a gefe, sun share fili. Mahayin da ya yi wannan sukuwa a tsakiyar kasuwa, ba wanda zai ce masa gwani. Gaban alƙali za a kai shi.

Ƙasarmu ta taɓa ganin gudun mota wanda ba shi da shinge. Shi ne tseren Paris-Dakar, wanda wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ƙirƙiro. Na farko ya tashi daga Paris ran 26 ga Disamba 1978, ya biyo ta Aljeriya, Agadas da Yamai. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 kaɗai suka isa Dakar. Da yawa cikinsu masu sha'awa ne kawai. Wasu wa da ƙane, Claude da Bernard Marreau, da ƴar ƙaramar Renault 4 suka yi tafiyar, kuma suka kai. A 1984 wata mota mai ƙofa biyu, Porsche 911, ta zo ta ɗaya a hannun René Metge.

A watan Janairu na 1986 tseren ya bi ta Agadas, Dirku da Agadem, ya sauka Damagaram, sannan ya nufi Yamai. Ba a haife ni ba a lokacin, amma babana ya je kallo. Har yau in yana ba da labarin sai ya miƙe tsaye, yana kwaikwayon rurin injin. Ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro kamar wannan ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, ran 14 ga Janairu, jirgin sama mai saukar ungulu ya faɗi da Thierry Sabine a Mali, ya mutu.

Direban da ya shiga tseren ya san abin da ya shiga. Yana da hular kwano, yana da likita. Amma yaran ƙauyukan da motocin suke ratsawa, ba wanda ya tambaye su. A 1988 wata motar tsere ta kashe yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita, a Mali. A 2006 yara maza biyu suka mutu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Sa'o'inku ne. Kallo suka fito, kamar yadda ku ma za ku fita.

Tseren ya bar Afirka. An soke na 2008 saboda rashin tsaro, daga 2009 aka kai shi Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya. A 2021 aka ƙara masa wani sashe na tsofaffin motoci. A wannan sashe ba wanda ya fi gudu ne ke ci ba. An yanka wa kowa saurin da zai bi, wanda ya fi kiyaye shi, shi ne gwani.

Yanzu mu komo gida. Hanyar Damagaram zuwa Magarya ta ratsa Dogo. Ba filin tsere ba ce. Ita ce hanyar da kuke ƙetarawa zuwa makaranta, da rijiya, da gona. Amma wasu direbobi da masu babur sun mai da ita filin tsere. Shekara biyu da suka wuce wata mota ta buge wani yaro na ajina, yana ɗauke da rake. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafarsa ta karye, ya yi wata uku bai zo aji ba. Har yanzu yana ɗingishi, kuma shi ne da ya fi kowa gudu a filin ƙwallo.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya, wato tsawon ajinmu da ɗan ƙari. Mai gudun kilomita 108 tana cin mita 30. Daga lokacin da direba ya hango ku zuwa lokacin da ƙafarsa ta kai ga birki, kamar daƙiƙa ɗaya ce. Bayan ya taka birki, motar farko tana bukatar kamar mita 7 kafin ta tsaya. Ta biyu fa? Gudunta ya ninka sau uku, amma jan birkinta ya ninka sau tara: fiye da mita 60. Ku haɗa. Ta farko ta tsaya cikin mita 17, ta biyu sai ta wuce mita 90. Wannan kuwa mota ce mai lafiyar birki da taya. Babbar mota mai ɗauke da kaya ta fi haka nisa.

Saboda haka, in kun zo bakin kwalta, ku tsaya cak. Ku dubi hagu, ku dubi dama, ku sake duban hagu. In kun hango mota, ko da nesa take, ku bari ta wuce. Ku riƙe hannun ƙannenku. In akuya ta kufce ta hau hanya, kada ku bi ta da gudu. Akuya ana sayen wata.

Na san a cikinku akwai direbobin gobe, akwai makanikai, wataƙila har da wanda zai gyara tsohuwar mota ya kai ta filin tsere. Ina yi muku fatan haka. Son gudu ba laifi ba ne. Amma ranar da kuka riƙe sitiyari, kuka hango rufin gidajen wani ƙauye, ku ɗaga ƙafa. Akwai makaranta a wurin, akwai malami yana jiran yaransa su cika aji. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin fijo mai ƙofa biyu da fijon tasha?
2. Faɗi ma'anar tutoci huɗu na filin tsere.
3. Me dogarai suke yi kafin a fara sukuwa? Don me?
4. Mota tana gudun kilomita 72 a awa. Mita nawa take ci a daƙiƙa ɗaya?
5. Zana hanyar da kake bi daga gida zuwa makaranta, ka nuna inda ake ƙetare kwalta.