Saifar da Mahauci Bai Sani Ba

Duk wanda ya tashi a hannun boko, idan aka ce masa hanta, abin da yake gani shi ne jan naman da ke gefen dama na ciki, wanda aka zana masa a allon makaranta, kuma mahauci yake yanka masa a kasuwa. Da wannan idon na fara karanta littattafan likitancin gargajiya na ƙasar Sin, irin waɗanda Turawa suka fassara domin 'yan koyo, kuma tun a shafukan farko aka gaya mini cewa saifa ce ke narkar da abinci. Likitan asibiti bai yarda da haka ba. Yakan cire wa mutum saifa bayan haɗarin mota, mutumin ya warke ya ci gaba da cin tuwonsa shekara da shekaru.

Sai da karatu ya yi nisa na fahimci cewa kalmar da aka fassara da “saifa” suna ce ta aiki. A wurin Sinawan dā, duk hidimar karɓar abinci, da mayar da shi ƙarfi, da raba shi ga gaɓoɓi, ita ce suka tara a ƙarƙashin wannan suna. Haka “ƙoda” ta haɗa haihuwa da girma da tsufa da ƙarfin ƙashi da jin kunne. Akwai ma wata gaɓa da suke kira “murhu uku”, wadda tsofaffin littattafansu da kansu suka ce tana da suna amma ba ta da siffa. Wanda ya ɗauki wuƙar fiɗa ya tafi nemanta zai dawo hannu rabbana.

A nan Bahaushe ya fi Bature sauƙin shiga. Mu ma muna cewa hantar wane ta kaɗa idan ya firgita, muna cewa wance ta yi zuciya ta tafi gidansu, kuma babu wanda ya taɓa neman hoton asibiti don ya tabbatar. Bambancin kawai, mu mun bar abin a bakin magana, su kuwa sun rubuta shi, sun yi masa babi-babi. Littafin da suke ɗauka uwa, Huangdi Neijing, an harhaɗa shi ne wajen ƙarni na biyu zuwa na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a siffar tambaya da amsa tsakanin wani sarki da likitocin fadarsa. A cikinsa fushi na hanta ne, farin ciki na zuciya, yawan tunani na saifa, baƙin ciki na huhu, tsoro na ƙoda. Kowace gaɓa kuma an ɗaura ta a kan ɗaya daga abubuwa biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. Itace na ciyar da wuta, ruwa na kashe ta. Idan hanta ta yi ƙarfi fiye da kima, sai ta danne saifa kamar yadda saiwa ke tsaga ƙasa, kuma da wannan suke bayanin mutumin da ɓacin rai ya hana shi cin abinci ko ya murɗa masa ciki.

Yin da yang, waɗanda tambarinsu ya cika riguna da bangon shaguna, asalin ma'anarsu gefen dutse mai inuwa da gefensa mai rana. Da rana ta karkata, inda yake inuwa ya koma hantsi. Sanyi da zafi ke nan, ciki da waje, hutu da motsi. Wanda ya taɓa jin kakarsa ta hana mai jego ruwan randa, ko ta ce sanyi ya kama wane, ya san hanyar tunanin, ballantana wanda ya leƙa littattafan ɗibbu na su Ibn Sina, inda ake auna zafi da sanyi da danshi da bushewa. Sai dai kamannin na da tarko. Sinawa ma suna lissafa “iska” cikin masu kawo cuta, amma a littattafan likitancinsu iskar da ke kaɗawa suke nufi, da duk ciwon da ke zuwa farat ɗaya yana yawo a jiki. Babu ruwanta da iskokin da 'yan bori ke kira.

Kalmar da ta fi wahalar da ni ita ce wadda ake rubutawa qi, ana furta ta kamar “ci” namu. Turawa sun saba fassara ta da “makamashi”, abin da ke sa mai karatu ya zaci wata wutar lantarki ce da na'ura za ta auna. Tana ɗaukar ma'anar numfashi, da tururi, da kuzarin da ke sa gaɓa ta yi aikinta. Sun ce tana bin manyan hanyoyi goma sha biyu a jiki, kuma a kan hanyoyin da wasu guda biyu ne ake soka siraran allurai, a gurabe 361 bisa ƙidayar da aka daidaita a zamanin nan. Masu fiɗa ba su ga waɗannan hanyoyi ba. A wani babban gwaji da aka yi a Jamus kan ciwon baya, wanda aka buga sakamakonsa a 2007, waɗanda aka soka wa allura a guraben littafi da waɗanda aka soka wa sama-sama a wasu guraben daban sun sami sauƙi kusan daidai, kuma dukansu sun fi waɗanda aka yi wa jiyyar da aka saba. Ni dai abin da na ɗauka daga nan shi ne allurar na iya rage wani ciwon, amma taswirar da ake bi ba ta tabbata ba.

Sau ɗaya na zauna gaban mai wannan sana'a, wani dattijo Basine, da tafinta a tsakaninmu. Bai tambayi sunan cutata ba. Ya sa na fito da harshe ya dubi launinsa da farin da ke kansa, ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama, sannan na hagu, ya daɗe shiru. Daga nan tambayoyi suka biyo: ina zufa da dare? Ruwan sanyi nake so ko mai ɗumi? Ƙarfe nawa nake farkawa? Hanyoyin bincikensu huɗu ne, dubawa da saurare haɗe da sansana da tambaya da taɓawa, kuma abin da ake nema shi ne yanayin da jiki ya karkata. Saboda haka mutum biyu masu tari iri ɗaya kan fita da magani daban-daban. Rabona da wanda ya saurari jikina tsawon wannan lokaci har na manta, kuma ina zaton rabin farin jinin wannan likitanci a Turai da Amurka daga nan yake.

Haɗin maganinsu ya burge ni, domin tsarin fada aka ba shi. A kowane haɗi akwai sarki, wato ganyen da ke fuskantar cutar, da waziri mai ƙarfafa shi, da mataimaki mai rage kaifinsa, da manzo mai daidaita tsakani. Zhang Zhongjing, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya bar wani haɗi na zazzaɓi da tari marar zufa mai abu huɗu kacal, sarkinsa wani tsiro mai suna mahuwang, wazirinsa reshen kirfa. Daga mahuwang ɗin ne wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya tace sinadarin efedirin a 1885, wanda asibitoci ke amfani da shi har yau. Shi ne kuma Amurka ta hana sayarwa a matsayin maganin rage ƙiba a 2004, bayan ya taɓa zukatan mutane da dama, wasu har lahira. An raba sarki da fadawansa, an kuma ba shi aikin da ba nasa ba.

Maganar ta fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yanmu a yau, irin su Coartem, tushensa wani ganye ne ɗan uwan tazargade. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman maganin, kuma wata masaniya, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafai har ta iske bayanin Ge Hong na ƙarni na huɗu, wanda ya ce a jiƙa ganyen a matse ruwansa, bai ce a dafa ba. Ta gane cewa zafin wuta ne ke lalata sinadarin, ta tace shi da ƙaramin zafi a 1971, aka gwada a kan ɓeraye da birai, ta sha da kanta kafin a ba marasa lafiya. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Littafin dā ya nuna mata ƙofa, ɗakin gwaji ne ya tabbatar. Daga cikin ɗaruruwan tsirran da ita da abokan aikinta suka gwada, mafi yawa ba su yi komai ba.

Wannan ne ke sa gabana faɗuwa idan na ga mai talla a tasha ko cikin motar haya yana ɗaga kwalin shayi mai rubutun Sinanci, yana rantsuwa zai wanke ƙoda, ya kori ciwon suga da hawan jini. “Ƙodar” da ke jikin kwalin, in ma da gaske daga littafin ta fito, ba ita ce wadda ake wa wankin ƙoda a asibiti ba, kuma babu wanda ya dubi harshen mai saye ko ya taɓa hannunsa. A farkon shekarun 1990, mata kusan ɗari a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda mai tsanani, da yawansu har ta daina aiki, saboda an musanya wani tsiro da wani mai guba a cikin maganin rage ƙiba, sunayensu na Sinanci sun yi kama. Dattijon da ya ajiye ƙwayar hawan jininsa saboda shayin tasha ba likitancin Sin yake bi ba, ba kuma na asibiti ba.

Akwai kuma jakuna. Cikin magungunan da suke cewa suna “ƙara jini” akwai ejiao, wani danƙo da ake dafawa daga fatar jaki. Da jakunan Sin suka yi ƙaranci, fatake suka juyo Afirka, farashi ya tashi, mai ɗibar ruwa da mai kai taki gona suka kasa sayen abin da suka gada. Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da su a 2016, kuma a watan Fabrairu na 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna domin fatarsu a nahiyar baki ɗaya. Duk da haka ana ci gaba da kama fatun a kan iyakoki da tashoshin jiragen ruwa.